Jinin Sarautar Penisimani Direba

Shekara talatin da ɗaya Penisimani Lolohea ya yi yana tuƙa bas tsakanin ƙauyenmu da Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu Tonga, ni kuma shekara talatin da ɗaya na yi ina kwance a ƙarƙashin bas ɗin da sifana a hannu. Ajinmu ɗaya a firamare, rana ɗaya aka sallame mu daga ƙungiyar mawaƙan coci, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi a bakin wani ba.

Peni muke ce masa. Ƙato ne, irin ƙattin da in sun shiga mota sai ta yi ajiyar zuciya. Kujerar direba sau huɗu ina yi mata walda. Ba shi da faɗa, ba ya shan giya, bai taɓa barin tsohuwa a bakin hanya don ba ta da kuɗin mota ba. Aibinsa ɗaya ne tak: bai yarda shi talaka ba ne.

Kakarsa ce ta jawo. Wata rana yana yaro, tana duba masa ƙwarƙwata, sai ta ja kunnensa ta ce, "Kunnuwan nan naka ba na talakawa ba ne." Iyakar maganar ke nan. Ta rasu ba ta yi ƙarin bayani ba, shi kuwa ya riƙe maganar kamar takardar fili. Kullum in bas ta iso Lapaha, inda kaburburan tsofaffin sarakunan Tu'i Tonga suke, manyan duwatsun nan da aka jera hawa-hawa, sai ya rage gudu, ya kashe rediyo, ya cire hula. Masu saurin zuwa ofis su yi ta tsaki, ko a jikinsa.

A wurinmu jana'iza ce ke gaya wa mutum matsayinsa. In aka yi rasuwa, gwaggon mamaci ko 'ya'yanta su ne fahu, wato masu matsayi mafi girma a cikin dangi. Su ke zama wajen kan gawa, su ake miƙa wa tabarmi masu laushi. Dangin kawun mamaci kuwa sai su ɗaura tsohuwar tabarma yagaggiya tun daga ƙirji har idon sawu, su nufi bayan gida wajen wuta. Mace ta fi ɗan'uwanta daraja, 'ya'yanta sun fi nasa, haka muka taras. To, uban Peni shi kaɗai ne namiji cikin mata tara, kuma duk taran a ƙauyen suka yi aure suka hayayyafa. Ke nan kusan duk wanda ya mutu a garinmu, Peni ɗan kawunsa ne. Har ya yi furfura bai taɓa ganin jana'iza daga ciki ba. Hayaƙi kawai ya sani.

Yana da maƙwabci, Kelepi Taufa, siriri kamar sandar kamun kifi. Masunci ne a baki, amma da wuya teku ta yi masa daidai: yau iska ta yi yawa, gobe ta yi kaɗan. Shekara ashirin suna rigima a kan bishiyar mangwaro, wadda gindinta ke gidan Peni, rassanta na gidan Kelepi. Ranar da aka binne tsohon malamin makarantarmu, wanda shi ma ɗan gwaggon Peni ne, ruwa ya yini yana zuba. Kelepi ba dangin iya ba na baba, gaisuwa kawai ya zo yi, aka zaunar da shi ƙarƙashin rumfa yana cin burodi da bota. Peni ya shigo da buta, tabarmarsa ta jiƙe ta yi nauyi, yana tafiya kamar bukkar da ta yi ƙafa.

"Mai kunnen sarauta, shayin nan ya huce," in ji Kelepi. "A fada haka ake ba baƙi?"

Mutane suka sunkuyar da kai suna dariya, a gidan makoki fa. Peni ya zuba masa shayi. Da ya dawo wajen wuta sai ya ce mini, "Manase, zan nemo takarda."

"Takardar me?"

"Ta kunnuwana."

Lokacin yana da shekara sittin da ɗaya. Washegari ya sayi littafin rubutu mai fallaye tamanin da biro biyu, ya fara da gidan fasto. Fasto ya fito masa da akwatin tsofaffin littattafan coci, waɗanda guguwa biyu ta jiƙa, gara kuma ta cinye abin da guguwar ta rage. Sati uku Peni yana ajiye bas da la'asar ya je ya zauna yana ɓanɓare fallaye da wuƙar bota. Wahalar ita ce mutanenmu na dā ba sa zama da suna ɗaya. A haifi mutum da suna, ya girma a ba shi wani, a yi masa baftisma ya ɗauki na uku, gwaggonsa ta ɗauke shi riƙo ya koma na huɗu. Peni ya bi wani kakansa shafi goma sha biyu, a ƙarshe ya gano mutum uku ne, ɗaya ma mace.

Ran nan bayan coci muna zaune a zauren shan kava, abin shanmu na gargajiya da ake jiƙawa da saiwa, sai ga shi da wani littafi a ƙarƙashin hammata, idanunsa sun yi ja. Littafin wani Bature ne ɗan mishan na zamanin kakannin kakanninmu. Turancin Peni na cikin bas ne, bai wuce tsaya da sauka ba, amma ya gane sunan gidansu. Ya miƙo mini ya ce in karanta wa jama'a in fassara.

Na karanta. Baturen ya rubuta cewa yau Lolohea ya mutu. Ƙaƙƙarfa ne, mai biyayya, mai kyan tsayi, kuma daga gidan wani babban basarake ya fito.

Peni ya share hawaye da bayan hannu ya ce, "Kun ji dai. Mai kyan tsayi."

Da na san abin da ke gaba da na rufe littafin. Amma na riga na juya shafi, bakina kuma ya riga hankalina. Baturen ya ci gaba da cewa sirdinsa da linzaminsa ya ba wa mai wa'azin ƙauyen gaba.

Kelepi ya ƙware da kava, sai da aka bubbuga masa baya. Kusan wata guda, in Peni ya wuce ƙofar gidansa, sai a ji haniniya daga bayan shinge.

Wani da ya bari. Peni sai ya ƙara littafi na biyu. Ya ji cewa 'yan cocin Momon suna da ɗaki cike da sunayen kakannin duniya a cikin kwamfuta, ya je sau uku. Suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ba shi koko da biskit, suka samo masa kakanni biyar, duk manoman doya. Labari ya kai kunnen fastonmu, ranar Lahadi ya yi wa'azin awa guda a kan ɓatacciyar tunkiya, bai ɗauke ido daga bencin Peni ba. Daga nan 'yarsa Sulieti da ke birnin Okland, can ƙasar waje, ta aiko masa da wata 'yar kwalba, ta ce ya tofa yawu a ciki a mayar, masana za su karanta asalinsa. Kwana uku bai sha kava ba don yawun ya fito tas. Ranar tofawa sai da ya yi wanka ya sa kayan coci. Bayan sati shida amsa ta zo a wayar matarsa Lesieli, ta karanta masa: kakanninsa mutanen tsibiran tekun nan ne.

"Sai me?" in ji Peni.

"Shi ke nan."

"Duba ƙasa."

"A ƙasa sun ce sun gode." Lesieli ta ajiye wayar ta ci gaba da kankare rogo. "Yawunka ya hau jirgin sama, abin da ni ban taɓa yi ba, don a gaya maka kai ɗan Tonga ne. Da a tafin hannuna ka tofa, da na gaya maka nan take."

Wata fasinja ce ta tausaya masa ta ce ya je wurin Folau a Lapaha. Folau tsohuwa ce mai shekara casa'in da huɗu, gidansu tun fil azal su ke riƙe nasabar mutanen yankin da ka. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma in ta kama sunanka sai ta hau da kai kaka bayan kaka kamar mai hawa kwakwa. Ni na raka shi, don a lokacin bas ɗin ba ta tashi sai an tura ko an roƙe ta.

Muka same ta a kan tabarma a inuwa, 'yar mitsitsiya, ba haƙori ko ɗaya. Ka'idarta sananniya ce: gwangwanin naman sa babba, kafin ta buɗe baki. Peni ya miƙa. Ta sa aka buɗe, ta cinye rabi da dafaffiyar ayaba, ta goge baki, ta rufe ido ta fara. Penisimani ɗan wane, wane ɗan wane, wanda ya auri wance 'yar wane. Muryarta kamar waƙa, Peni yana ta rubutawa. Ta wuce manoman doya biyar ɗin nan, ta kai na shida, ta kai na bakwai. Muka ji shiru. Muka jira. Sai minshari.

Jikarta ta ce mu dawo wani satin. Muka dawo da wani gwangwanin. Peni ya ce, "Kaka, a na bakwai muka tsaya."

"Ba a hawa kwakwa daga tsakiya," in ji Folau. Ta ci, ta faro daga Penisimani, ta yi barci a na shida.

Haka muka yi ta zarya. In nama ya shiga cikinta barci ya zo, in bai shiga ba baki ba ya buɗuwa. Mun gwada ƙaramin gwangwani, ta dube shi ta juya mana baya. Mun gwada zuwa da sassafe, ta ce ba ta ambaton matattu kafin rana ta yi tsayin itacen kwakwa. A zuwa na tara Lesieli ce ta ba da dabara. Peni ya kawo gwangwani biyu. Ta ci na farko, na biyun kuma ya ɗora a gwiwarsa inda za ta riƙa ganinsa, duk lokacin da kanta ya fara langaɓewa sai ya ƙwanƙwasa shi da biro. Da haka ta wuce na bakwai, ta wuce na tara, ta kai na goma sha ɗaya, wani mai suna Makauli. Ta buɗe ido ɗaya ta nuna wajen duwatsun da haɓa.

"Uban Makauli yana kwance can. Sarki ne. Uwarsa saƙar tabarma ta zo yi fada, ta daɗe ba ta gama ba."

Ban taɓa sanin Peni na iya tsalle ba. Ya miƙe, gwangwani ya gangara, ya sumbaci tsohuwar a ka, ya nufi bas da gudu. Ni da na tsaya ɗaukar takalmansa na ji tana cewa, "Shi kuma Makauli yana da..." Sai jikarta ta kawo mabuɗin gwangwani, magana ta tsaya.

A hanya na ce masa, "Peni, tsohuwar ba ta gama ba fa. Ta ce Makauli yana da wani abu."

"Ko jirgin ruwa yake da shi ya riƙe abinsa. Ni ubansa nake nema, na kuma samu."

Cikin sati guda mutumin ya canza. Tafiyarsa ta koma ta ƙasaita, har agwagwa na wuce shi. Ya daina fara gaisuwa. Ya sa na rubuta a goshin bas da jan fenti, TATTAƁA-KUNNEN MAKAULI. A Lapaha kuwa ba rage gudu kaɗai ba, tsayawa yake cak ya sauka ya gaida iyaye, fasinjoji na kallon agogo. Ya ce wa Lesieli bai kamata kanta ya riƙa fin nasa tsayi ba in suna zaune.

"Kujerun gidan nan tsayinsu ɗaya," in ji ta. "In kana son ka fi ni, ga rufin kwano can, ranka ya daɗe."

Sai ya sa ranar biki, wata Asabar. Ya yanka 'yan aladu bakwai aka gasa a kan sanda, aka cika ramin gashi da doya da ganyen gwaza da madarar kwakwa, aka jera tebura tun daga ƙofarsa har bakin titi. Ya gayyaci gari kaf. Har Kelepi sai da ya gayyata, ya sa aka ba shi kujerar ƙarshe, inda karnuka ke jira. Shi kuwa ya zauna a kan tebur na farko, ya ɗaura wata tabarma mai laushi kamar alharini wadda Lesieli ta gada daga uwarta. Aka ɗauko Folau a kujerar gaban bas don ta jera nasabar a gaban kowa, kada wani ya sake yin haniniya.

Abin da Peni bai lissafa ba shi ne, tsohuwar ta yi barcinta ta ƙoshi a hanya, aka ba ta kofi mai kauri, ga kuma lasifika a hannunta da mutum ɗari biyu suna sauraro. Ta miƙe zaune kamar 'yar shekara sittin. Ta faro daga Penisimani, ba tuntuɓe ba hamma, har Makauli, har sarki. Aka yi tafi, mata suka taso suna rawa suna liƙa wa Peni takardun kuɗinmu na pa'anga a kafaɗa. Ya ɗaga hannu a hankali yana amsawa.

Folau ta ƙwanƙwasa lasifika. "Ban gama ba. Shi kuma Makauli yana da 'yar'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Hinalei."

Ta fara saukowa. Hinalei ta haifi wane, wane ya haifi wance. Tun a na takwas na ga tsofaffin mata sun fara waige-waige. A na tara fasto ya ajiye cinyar kaza. Ta sauko har kan wata Salote mai sayar da kaguwa, wadda duk mun sani.

"Ita kuma ta haifi Kelepi," in ji Folau. "Wancan na ƙarshe, mai tsotsar ƙashi."

Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Zuriyar mace tana saman zuriyar ɗan'uwanta. Ɗan 'yar'uwa kuwa fahu ne a gidan kawunsa: ya shiga ya ɗauki abin da ransa ke so, ba a hana shi, ba a ko ɓata fuska.

Kelepi ya ajiye ƙashin. Ya wanke hannu a nitse, ya goge a wando, ya tako tun daga ƙarshen tebura har farko. Ya girmi Peni da shekara biyu, amma ya tsaya a kansa ya ce da murya mai taushi, "Kawu, ɗan matsa."

Peni ya matsa. Kelepi ya zauna, ya jawo mafi girman aladen gabansa, ya ɓare takardun kuɗin da ke kafaɗar Peni ɗaya bayan ɗaya yana sawa a aljihu. Da zai tafi ya shafa tabarmar ƙugun Peni ya ce, "Wannan ta yi laushi." Lesieli ta dube shi, irin kallon da ke tsinka madara, ya ce a bar ta tukuna, ba sauri yake ba.

Washegari bayan coci aka kai maganar zauren kava. Mai unguwa, mutum mai son zaman lafiya, ya ce a saninsa haƙƙin fahu ba ya wuce kaka uku ko huɗu, bayan haka jini ya tsinke, kowa ya kama gabansa. Dattawa suka gyaɗa kai. Peni ya sauke numfashi har tabarmar da ke gabansa ta motsa.

Kelepi ya karɓi ƙoƙonsa ya shanye, ya ce, "Na yarda. Tambaya ɗaya gare ni. Makauli da Hinalei ubansu ɗaya. Daga Makauli zuwa Peni hawa goma sha ɗaya, daga Hinalei zuwa ni hawa goma sha ɗaya. Jinin da ya gaji a hanya bai iso gidana ba, a wace mota ya hau ya iso gidan kawu?"

Mai unguwa ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne, sai dai Peni ya zaɓa. Ko jinin ya tsinke, ya koma talaka kamar kowa, kayansa su zama nasa. Ko bai tsinke ba, shi jikan sarki ne, Kelepi kuma fahunsa.

Na matso na raɗa masa, "Mutumina, ka ce ya tsinke. Fenti ne, da kananzir zan goge shi."

Ƙoƙon kava ya zagaya sau uku ana jiran Peni. Gumi na bin kunnuwan nan. Can ya ɗaga kai ya dubi Kelepi ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, gidan kawunka a buɗe yake."

Ran Litinin Kelepi ya fara da mangwaro, na rassa da na gindi. Sai kujerar gaban bas, wadda ta zama tasa kyauta, ko ba inda za shi, ya je birni ya dawo don shan iska. Sai rediyo, sai lema, sai tocila. Ya ɗauki takalman cocin Peni, waɗanda ƙafafunsa biyu za su shiga ɗaya, ya cusa musu jarida yana ja a ƙasa. Ya ɗauki karen gidan, kare ya dawo, ya sake ɗauka, ya sake dawowa, a ƙarshe aka shirya kare ya riƙa kwana gidan Kelepi yana cin abinci gidan Peni. A tsakiyar kasuwar birni sai ka ji daga nesa, "Kawu, kankanar nan da ka saya tawa ce ko?"

A gaban mutane Peni yakan miƙa da murmushi ya ce, "Mu gidanmu haka muke, hannunmu a sake yake." In ya zo garejina kuwa sai ya shiga bayan bas ya ciji tsumman goge mai.

Ya koma wurin Folau a ɓoye da gwangwani uku, ya tambaye ta ko akwai wata hanyar, ta wajen uwa ko ta wajen kaka, inda shi ne a sama Kelepi a ƙasa. Ta yi tunani ta ce akwai. Ta ci nama, ta yi barci. A satin ɗanta ya zo daga birnin Sidni, ƙasar waje, ya tafi da ita, can ta rasu bayan wata huɗu. Peni ya yi mata kuka fiye da jikokinta.

Shekara ta zagayo, wata safiya ya kasa taka ƙasa. Babbar yatsar ƙafarsa ta kumbura ta yi ja kamar tumatir, ko zani ya taɓa sai ya yi nishi. Na kai shi asibiti. Likitar, wata matashiya da ta yi karatu a Fiji, ta auna shi, ta sa ya sauka ya sake hawa ma'auni don ba ta yarda ba. Ta ce cin nama da kitse ne, in bai rage ba ƙafa somin-taɓi ce, zuciya na tafe. Don ta kwantar masa da hankali ta ƙara da cewa a ƙasashen Turawa a dā ciwon sarakuna ake ce masa, don su ke samun naman da za su ci har ya kama su.

Kuskuren da ta yi ke nan. Peni ya fito yana ɗingishi fuskarsa kamar an yi masa albishir. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaye zani ya nuna masa yatsar. Maganar rage nama kuwa, ya ce ba zai yi faɗa da gado ba.

Lesieli ta yi magana, ta yi faɗa, ta kira Sulieti a waya ta yi kuka, duk a banza. Sai ran nan na gan ta a bakin shinge ita da Kelepi, suna magana ƙasa-ƙasa, mutumin da shekara ashirin ba ta amsa gaisuwarsa. Da azahar Peni ya zauna, an ajiye masa kwanon haƙarƙarin tunkiya mai kitse yana tururi, ya ɗaga hannu ke nan sai ga inuwa a ƙofa.

"Kawu, ƙanshin nan ya kai gidana."

Kwano ya tafi. Lesieli ta kawo dafaffen kifi da ganye. Washegari haka, jibi haka. Kelepi bai taɓa makara ba, kamar mai agogo a hanci, alhali Lesieli ce ke rataya jan tawul a igiya in abinci ya sauka. Ya kwashe gwangwanayen nama, ya kwashe bota, ya ɗauke buhun sukari. Da ta ga dabarar na ci, sai ta haɗa da tsofaffin tayoyi da mataccen injin da ya shekara goma a tsakar gida, da wata riga mai hoton aku da ta tsana tun ranar da aka saye ta. Peni ya gane, ai ba yaro ba ne. Amma in ya hana, ya ƙaryata kansa a gaban gari. Ya ci kifinsa yana harare-harare.

Cikin wata takwas ya zubar da kilo ashirin da shida. Kumburi ya sace, ya koma hawa bas ba tare da ya kama ƙofa ba. Likita ta ce ba ta taɓa ganin mai bin doka irinsa ba.

Kelepi kuwa ya yi kumatu, ya ajiye tumbi ɗan madaidaici a kan siraran ƙafafunsa. Wata Talata da safe muka ji ana kiran kawu daga bayan shinge, ba da muryar wasa ba. Muka shiga muka same shi kwance, babbar yatsarsa ta kumbura ta yi ja. Peni ne ya ɗauke shi cak kamar jariri ya sa a bas, ya sauke fasinjoji a hanya ya wuce da shi asibiti. Likitar nan ce dai. Ta duba ta ce ciwon ne, sak irin na Peni.

A hanyar dawowa Kelepi sai nishi yake in mun faɗa rami. Na lura Peni ya ɗaure fuska, na ɗauka tausayi ne. Sai da muka kusa gida ya dube shi ta madubi ya ce, "Rediyo na ba ka, takalma na ba ka. Ciwon ma ba za ka bar mini ba?"

"Kawu, in kana so ka karɓi abinka yau ɗin nan," in ji Kelepi.

Yanzu Peni ya ajiye tuƙi, ƙanen Lesieli ke jan bas ɗin. Su biyun kullum suna tare a baranda, likita ta hana su nama dukansu, Lesieli na dafa musu kifi a tukunya ɗaya. Jiya na wuce na same su suna musu a kan wanda ya fi kama da Makauli, mutumin da ba wanda ya taɓa ganin ko zanensa. Suka ce in raba gardama. Na ce ni bakanike ne, na ja kujera, Lesieli ta ƙaro kwano.